Waiwaye: daga ina wa'azin su Fada na Damagaram ya samo asali

Mu nan Zinder in an ce wa'azi abin da ke zo ma mutum a rai shi ne lasifika da malam da alaramma a gefe, shi ya sa da yawa ba su ma san cewa can mishon Katolika ana wa'azi duk Lahadi ba, kuma abin na da tsarinshi tun da daɗewa.

Su Fadan, wato limaman cocin, da suka kawo Katolika Nijar ba zaman kansu suke ba, ƴan ƙungiya ne, kamar dai yadda muka san ɗariƙa, akwai wanda ya kafa, akwai doka, akwai wuridin safe da yamma, sai dai wasunsu har alkawari suke yi na rashin aure da rashin mallakar dukiya da biyayya ga na gaba. Ƴan ƙungiyar SMA, wato ƙungiyar mishon ta Afirka, ne suka fara buɗe mishon a Yamai a 1931, bayan yaƙin duniya na 2 kuma aikin ya koma hannun ƴan Redamtoris, to waɗannan wa'azi shi ne sana'arsu tun fil azal. Alfonso Liguori ne ya kafa su a 1732 can kudancin Italiya, lauya ne da ya aje lauyanci, ya ga makiyaya da ƴan ƙauye ba mai kai musu wa'azi don malaman birni sun fi son tsara magana a yaba musu, sai ya ce nashi mutanen su yi maganar da talaka zai gane. Bishof na farko na Yamai a 1961, Hippolyte Berlier, ɗan wannan ƙungiya ne.

Amma fa a lokacin sallarsu da Latin ake yi, wanda ya zo coci sai dai ya bi da ido. Babban taron bishof-bishof na Batikan na 2, daga 1962 zuwa 1965, shi ya canza abin, aka yarda a yi ibada da harshen mutane, aka ce wa'azi ya fito daga nassin da aka karanta a ranar, ba daga abin da ya faɗo ma Fada a rai ba. A 1969 aka fito da jadawali na shekara 3, shekara ɗaya Linjilar Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, Yohanna kuma ana saka shi a lokuta kamar na Ista. Wato ayar da aka karanta a Zinder ran Lahadi ita ce aka karanta a Kotonu da Roma, Fada ba shi da damar tsallake wadda ta yi mishi nauyi, ni dai wannan ya burge ni gaskiya.

Shirin wa'azin kuma tun cikin mako ake fara shi, a karanta ayar a hankali, a yi shiru ana juya ta a zuci, a yi addu'a da ita, sannan a natsu. Wani mai zaman zuhudu Guigo ne ya jera matakan nan 4 tun ƙarni na 12.

Wahalar Damagaram ita ce masu saurare. Akasari baƙi ne, ƴan Benin da Togo da Burkina da Najeriya, ma'aikata da ƴan kasuwa da ƴaƴansu da aka haifa nan waɗanda Hausa ta fi zama a bakinsu, to da wane harshe za ka kama kowa? Tun 2001 Zinder na ƙarƙashin diyosis ɗin Maraɗi, wato yankin bishof na can, kuma ran 16 ga Janairu 2015 aka ƙona cocin Zinder a zanga-zangar adawa da zanen Annabi da jaridar Faransa Charlie Hebdo ta buga, ka ga mai wa'azi a nan dole ya auna kowace kalma.

Tsawon wa'azin ma har yanzu ana ja a kai, a 2024 Paparoma Francis cewa ya yi kada ya wuce minti 8 don mutane barci suke yi, mu nan kuwa minti 8 ko gaishe-gaishe ba a gama ba.