Kalmar "news" ba daga sunayen kusurwoyin duniya huɗu ta fito ba

An daɗe ana faɗa a makarantu, har malamai na rubutawa a allo, cewa "news" taƙaitawa ce ta North, East, West, South, wai don labari daga arewa da gabas da yamma da kudu yake zuwa. Zancen yana da daɗin ji, amma ƙirƙira ce aka yi daga baya.

Asalinta jam'in "new" ne, wato sabo. Tun ƙarni na 14 Turawan Ingila suke amfani da ita da ma'anar sababbin abubuwa, kafin ta koma nufin labari. Faransawa ma haka suke yi, "nouvelles" suke cewa, Holandawa kuma "nieuws".

Tsohon rubutun kalmar shi kaɗai ya isa hujja. A da "newes" ake rubutawa, wani lokaci "newis". To, wace kusurwa ce wannan ƙarin harafin, "e" ko "i", yake wakilta? Kuma kalmar ta girmi jarida nesa ba kusa ba, domin sai a 1605 aka fara buga jarida a birnin Strasbourg da ke ƙasar Faransa a yau.

Ɗinka kalma daga haruffan farko na wasu kalmomi ma sabuwar al'ada ce a Turanci, sai a ƙarni na 20 ta yaɗu, kamar "radar", sunan na'urar gano jirage daga nesa, kalmar da sojojin ruwan Amurka suka ƙirƙira a 1940.

Duk da "s" ɗin ƙarshenta, yau tilo ake ɗaukarta a nahawu: "the news is" ake cewa, ba "the news are" ba.