Ciwon ramewar barewa: abin da ya sa doka a Amurka take bin kai da ƙashin baya

A jihar Wiskonsin ta Amurka, ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiya na ƙarshen Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, kwana tara cur. Mutum zai sayi lasisinsa, ya shiga daji a ranar da aka yarje, ya harbi barewarsa bisa ƙa'ida, amma ya karya doka a kan hanyarsa ta komawa gida. Laifin yana bayan motarsa: ya ɗauko dabbar sukutum, da kanta da ƙashin bayanta, ya fitar da ita daga yankin da cuta take zuwa inda babu.

Cutar da ake gudu ita ce wadda Turawa suke taƙaita sunanta da CWD. Mu ce mata ciwon ramewar barewa. A 1967 aka fara ganin ta a jikin wasu barewa da ake tsare da su a wata cibiyar bincike a Fort Collins, jihar Kolorado, sai a 1978 wata likitar dabbobi, Elizabeth Williams, ta gano cewa tana cikin cututtukan da suke huda ƙwaƙwalwa kamar soso, dangin da ciwon haukan shanu ma yake ciki. Yanzu an same ta a jihohin Amurka sama da 30, da wasu lardunan Kanada, da Koriya ta Kudu, da Norwe da Finlan da Suwidin. Ba a taɓa ba da rahotonta a Afirka ba.

Wanda bai fahimci abin da ke haddasa ta ba, dokokin za su yi masa kama da neman fitina. Abin ba ƙwayar cuta ba ce mai rai wadda magani zai kashe. Wani furotin ne na jikin dabbar da kanta, ana kiransa firayon, wanda ya lanƙwashe ba daidai ba, kuma duk ɗan'uwansa da ya taɓa sai ya lanƙwasa shi, har ƙwaƙwalwa ta yi huji-huji kamar soso. Babu allurar rigakafi, babu magani, kuma dabbar da ta kamu ba ta tashi. Sai ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tana kiwo lafiya ƙalau kafin ta fara ramewa, kai a sunkuye, yawu na dalala, ta daina tsoron mutum. Tun kafin alamun nan su bayyana tana zubar da firayon a yawu da fitsari da kashi. Dafuwa ba ta kashe shi, daskarewa ma haka, kuma idan ya shiga ƙasa yakan yi shekaru da ƙarfinsa. Barewar da mafarauci ya gani da ƙiba da sheƙi tana iya ɗauke da shi.

Daga nan dokar ɗaukar gawa ta samo asali, kuma ita ce ta fi shafar mafarauci. Firayon ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa, da laka, da idanu, da saifa, da kaluluwa. A da mutum kan kai barewarsa gida, ya feɗe ta a gareji, ya kwashe kai da ƙasusuwa ya watsar a bayan gona. Idan dabbar tana da ciwon, ke nan ya shuka shi a sabon wuri, nisan da barewa ba za ta taɓa yi da ƙafarta ba. Shi ya sa galibin jihohi suka hana shigo da gawa sukutum daga inda cutar take. Abin da aka yarda a ƙetare da shi kusan iri ɗaya ne ko'ina: naman da aka zare wa ƙashi, cinya da kafaɗa muddin ba a haɗe suke da ƙashin baya ba, fata ba tare da kai ba, da ƙaho. Masu son rataye ƙaho a bango suna iya tahowa da ɓallin ƙoƙon kai da ke riƙe da shi, da sharaɗin a kankare shi tas, kada ɗigon ƙwaƙwalwa ya rage.

Wiskonsin ta shigo da wannan doka har cikin gidanta. Barewar da aka harba a gundumar da cutar ta shafa ba a wuce irin waɗannan gundumomi ko makwabtansu da ita sukutum, sai in za a kai ta wurin mahauci mai lasisi ko mai sana'ar gyaran kai da fata don ado, cikin awa 72. Dalilin wannan sassauci shi ne su waɗannan an san inda sharar su take zuwa. Ga masu fiɗa da kansu kuma, a lokacin farauta akan ajiye manyan kwandunan shara na ƙarfe a wurare daban-daban, a zuba kai da ƙashi, a kai su bolar da aka amince da ita.

Abin da ke rikita mutane shi ne kowace jiha da nata tsarin, don a Amurka namun daji suna hannun jihohi ne. Abin da ya halatta a nan yana iya zama laifi da zarar an haye gada. Kuma kada mutum ya ɗauka tarar jiha ce kawai a gabansa. Akwai tsohuwar dokar tarayya ta 1900, Dokar Lacey, wadda ta ce duk wanda ya ƙetare iyakar jiha da naman daji da aka kama ko aka yi jigilarsa ta hanyar saɓa dokar wata jiha, ya shiga hannun gwamnatin tarayya. Ƙaramar magana sai ta zama babba.

Doka ta biyu ita ce ta fi jawo gunaguni: hana zuba abinci. Mafarauta da yawa sun saba tara masara ko ajiye gishirin lasa kusa da maɓoyarsu don barewa ta zo har inda suke. Wasu ma ba mafarauta ba ne, sha'awar kallo ce ta sa suke ciyar da su a bayan gida. To amma baki goma a kan tsibin masara ɗaya, ga yawu ga fitsari, babu hanyar yaɗuwa da ta fi wannan sauƙi. A Wiskonsin, gundumar da aka samu cutar ana hana wannan na shekara uku, makwabciyar da take cikin mil 10 daga wurin, wato kusan kilomita 16, shekara biyu. Duk lokacin da aka sake samun dabba mai ciwon, lissafi ya koma farko, don haka akwai gundumomin da haramcin ya zame musu zama daram. Wasu jihohi, irin su Bajiniya da Bamont, sun hana har amfani da fitsarin barewa na gaske da ake sayarwa a kwalba don yaudarar mazan barewa, tunda daga gonakin kiwo ake tatso shi.

Sai gwaji. A Minesota, wanda ya harbi barewa a yankunan da aka ware a ranakun buɗe farauta dole ne ya miƙa samfur. A wurare da yawa ganin dama ne. Kaluluwar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi ake cirewa a aika ɗakin gwaji, mutum ya ajiye namansa a firiza ya jira sakamako.

A nan akwai abin da ya kamata a rarrabe, don mutane suna cakuɗa shi. Dokokin nan don kare garke da ƙasa aka yi su. Maganar ci ko rashin ci shawara ce. Har yau ba a tabbatar da mutum ko ɗaya da ya kamu da ciwon ba, amma cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana cewa a yi gwaji idan an yi farauta a yankin cutar, kuma kada a ci naman da aka samu da ita. Tsoron yana da tushe. A Ingila an daɗe ana tabbatar wa jama'a cewa haukan shanu ba ya kama mutum, sai a 1996 gwamnati ta fito ta amsa cewa akwai alaƙa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kuma takardar sakamako ba ta cewa nama lafiyayye ne, cewa take ba a gano cutar ba, don a farkon kamuwa gwaji yana iya kuskure ta.

'Yan uwanmu mazauna can su lura da wannan. Idan abokin aiki mafarauci ya ba da kyautar nama, a tambaye shi gundumar da ya harbo da kuma ko an gwada. Mu da muke ganin kai da ƙwaƙwalwa da kayan ciki su ne daɗin dabba, ga farfesu ga romon ƙashi, daidai waɗannan sassa ne ake cewa a nisanta a jikin barewa. Mai fiɗa ya sa safar hannu, kada ya sassara ƙashin baya, kuma ya ware wuƙaƙen wannan aiki daga na girki.

Mafarauta suna da ƙorafi guda wanda ni ma nake ganin yana da ƙamshin gaskiya: ana barin jaki ana dukan taiki. A Amurka akwai gonakin da ake kiwon barewa a cikin shinge, ana sayar da su daga jiha zuwa jiha, wasu don nama, wasu don a sake su a katafaren fili mai kuɗi ya biya ya harba. Dabba mai rai a cikin tirela ta fi kan matacciya haɗari nesa ba kusa ba, kuma ta haka cutar ta isa Koriya ta Kudu, a jikin dabbobin kiwo da aka sayo daga Kanada. Ma'aikatar noma ta tarayya tana da tsari tun 2012: garken da ake son fitar da dabbobinsa zuwa wata jiha sai ya yi shekara biyar ana sa masa ido, ana gwada duk wadda ta mutu tana da shekara ɗaya ko fiye. Duk da haka an sha samun ciwon a garkunan da suka riga suka karɓi shaidar cika wannan tsari. Minesota ta gaji, a 2023 ta hana buɗe sababbin gonakin barewa mai farar wutsiya. Majalisar tarayya kuwa, a Disamba 2022, ta amince da dokar da ta ba da damar kashe dala miliyan 70 a shekara har 2028, rabi bincike, rabi aikin daƙile cutar.

Me ya sa hukumomi suke lallaɓa mafarauci maimakon su matsa masa? Don da kuɗinsa suke aiki. Lasisin da yake saya, da harajin bindiga da harsashi da dokar Pittman da Robertson ta 1937 take rarraba wa jihohi, su ne ke riƙe da hukumomin namun daji. In ya tsorata ya ajiye bindiga, kuɗi ya ragu, barewa ta yi yawa, cuta ta ƙara samun hanya. Wiskonsin ta ɗanɗana wannan. Da aka gano ciwon a 2002 ta ɗaura aniyar kusan ƙarar da barewar yankin da ya ɓulla, masu filaye da mafarauta suka yi tirjiya, 'yan siyasa suka ja da baya. Yau a wasu sassan kudu maso yammacin jihar kusan rabin manyan mazan barewa suna ɗauke da shi. Makwabciyarta Ilinoi, wadda ta gano nata a shekara ɗaya da ita, ta yi shekaru tana tura maharbanta bayan an rufe farauta suna rage garke a inda cutar ta ɓulla, kuma yaɗuwar ta daɗe tana ƙasa da ta Wiskonsin.

Norwe ba ta tsaya jayayya ba. Da ta ga ciwon a 2016 a garken barewar ƙanƙara, wadda Turawa suke kira reindeer, na tsaunukan Nordfjella, sai ta harbe garken baki ɗaya, sama da 2,000, aka gama a 2018, sannan ta ce a bar wurin fayau aƙalla shekara biyar kafin a yi maganar mayar da wasu.