Waiwaye: daga ƙwadagon bakin Binuwai zuwa ƙwadagon waya

Ƙwadago ba baƙo ba ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Tsofaffi na tuna zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai in kogi ya cika da damina, a sauke gishiri da siminti, a loda auduga da gyaɗa. 'Yan dako su taru tun asuba, shugabansu ya nuna wanda ya nuna, kafin magariba kowa ya karɓi nasa. Da aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, kakar auduga ita ma ta riƙa kwasar ma'aikatan wucin gadi, kuma dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta tanadi irin wannan ɗauka. Akwai cuta a wancan tsari, babu musu. Sai dai wanda ya ɗauke ka ka san ƙofar gidansa, in ya danne maka guminka akwai jauro, akwai lawan.

Ƙwadagon intanet irin na ƙananan ayyuka ya yi tashe daga Amurka a 2005, lokacin da kamfanin Amazon ya buɗe dandalin Mechanical Turk. Sunan kansa labari ne. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya nuna wa fadar Biyana, babban birnin Ostiriya, wani akwati da mutum-mutumi mai rawani zaune a bayansa, yana buga darar Turawa yana cinye mutane. Aka yi ta mamakin na'ura mai tunani, ashe gwani ne duƙunƙune a cikin akwatin yana motsa hannun. Amazon bai ma ɓoye ba, ya ɗauki sunan ɗungurungum. Aikin da kwamfuta ta gaza, kamar a gane mene ne a hoto, ko a rubuta abin da aka faɗa a faifan murya, sai a daddatsa shi gutsi-gutsi a watsa wa dubban mutane, kowane gutsure a biya 'yan santi.

Da irin wannan tsintar aka gina rumbun ImageNet da Farfesa Fei-Fei Li ta fito da shi a 2009. Mutum kusan 49,000 daga ƙasashe 167 suka yi aikin tantance hotunansa, waɗanda suka haura miliyan 14. A kansa na'urorin ƙirƙirarriyar basira suka koyi gani. Sauran dandamali suka biyo baya: TaskRabbit a 2008 don aike da gyare-gyaren gida, Fiverr a 2010 inda aiki ke farawa daga dala biyar (ta Amurka nake nufi, ba dalar 'yan kasuwarmu ba), sai Upwork a 2015.

Maganar lada kuwa ta daɗe da fitowa fili. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018, wanda ya ji ta bakin ma'aikata 3,500 a ƙasashe 75, ya nuna in aka haɗa da lokacin da mutum ke ɓatawa yana farautar aiki, matsakaicin abin da ake samu dala 3.31 ne a awa, a Afirka kuma 1.33. A Janairun 2023 mujallar Time ta fallasa yadda 'yan Kenya, ta hannun kamfanin Sama, suka yi ta karanta rubuce-rubucen ƙazanta don tsabtace ChatGPT a kan ƙasa da dala biyu a awa. A Maris na 2024 Remotasks, wani dandalin irin wannan aiki, ya rufe ƙofa ga ma'aikatan Kenya da Najeriya, aka wayi gari kawai shafi ba ya buɗuwa.

Mu nan arewa ko wannan ɗan ladan sai an haura katanga kafin a taɓa shi. Shekaru da dama Mechanical Turk 'yan Amurka da Indiya kaɗai yake ba kuɗi tsaba, saura sai katin sayayya a kantin Amazon, wanda ba ya sayen ko mudun dawa a kasuwar Marwa. PayPal ya shigo Kamaru a 2014, amma don biya, ba don karɓa ba. Ga wuta: madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 ita ce ƙashin bayan lantarkin arewa, in ruwa ya ja baya da bazara sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. 'Yan'uwanmu na Chadi kuma sun sha wata 16 kafafen sada zumunta a toshe, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019.

To, ka ga inda dillali ya dawo ta taga. Wani a waje ne ke da asusun, shi ke karɓar aikin da kuɗin, ya rarraba a zauren WhatsApp, ya zare kamashonsa, ya turo ragowar ta Orange Money ko MoMo, ita ma tun 2022 ana yankar harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kanta. A ganina wannan ne ainihin dandalin da yaranmu suka sani, ba waɗancan masu manyan sunaye ba.

Ɗan ƙanwata a Marwa ya shiga irin wannan bara. Aikin naɗar jimlolin Hausa ne. Sai bayan isha'i, in babura sun yi sauƙi, yake shiga ɗaki ya toshe taga da bargo, zufa na ɗiga a kan waya, yana maimaita "ina kwana" da "nawa ne kuɗinsa". Mako biyu yana yi. Da ya tura, saƙo ya dawo da Turanci, layi ɗaya: ba a karɓa ba, akwai hayaniya.

Na ce, "To ka yi musu magana mana."

Ya ce, "Kawu, wa zan yi wa? Shi ma mai asusun cewa ya yi bai taɓa jin muryar kowa a can ba."

A Yunin 2025 taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Janiba ya amince a tsara yarjejeniya ta musamman kan aikin dandamali. Na ba shi labari. Ya tambaye ni ko a ciki an faɗi wanda zai biya shi kuɗin datar da ya ƙona.