Waiwaye: Manyan gidajen bakin Sabon Daji a Ingila, da dawakan da ke riƙe musu daraja

A kudancin Ingila, yawanci cikin gundumar Hampshire, akwai wani daji da ake kira New Forest, wato Sabon Daji, ko da yake ya haura shekara 900 da samun wannan suna. Idan dillalan yankin za su tallata tsohon gidan masu hali, irin mai bene da ɗakuna rututu da lambu, abu biyu ne ba sa mantawa da su. Na farko, akwai ƙaramin sashe a gefe mai ƙofarsa da kicin ɗinsa, abin da mu za mu ce boskwata. Na biyu, ƙofar baya tana buɗewa kai tsaye cikin buɗaɗɗen daji, ba titi ba katangar maƙwabci. Wannan na biyun shi ke cilla farashi sama. Sai dai filin da mai gida ke hangowa ta taga ba nasa ba ne, ba kuma shi ke kula da shi ba. Dawakai da shanu da jakunan wasu ƙananan makiyaya ne suke cinye ciyawa da tohon itatuwa, shi ya sa wurin ya zauna a buɗe. Da za a kwashe dabbobin nan, cikin 'yan shekaru ƙaya da sarƙaƙiya za su rufe shi. Taƙaddamar da ake yi yanzu ita ce, makiyayan da ke wannan aiki sun fara rasa wurin zama a yankin, saboda gidajen sun fi ƙarfinsu.

Asalin lamarin na komawa ga Sarki Wiliyam na Normandi, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Wajajen 1079 ya keɓe yankin ya zama gandun farautarsa, kuma sunan ya fito a babban kundin ƙidayar ƙasa da ya sa aka yi a 1086. A dokar wancan zamani, a ce wuri daji ne ba yana nufin itatuwa ba, yana nufin hurumin barewar sarki, shi ya sa har gobe babban ɓangaren Sabon Daji fili ne da fadama. Talakawan da aka tarar a wurin an hana su farauta, an hana su yin shingen da zai tare wa barewa hanya. Abin da aka bar musu shi ne su ci gaba da sakin dabbobinsu suna kiwo. Dokar na da tsauri ƙwarai. A zauren kotun daji da ke garin Lyndhurst har yanzu akwai wata tsohuwar likkafa a rataye, wadda aka ce da ita ake gwada karnuka: karen da ya iya ratsawa ta cikinta ya tsira, wanda ya fi ta girma sai a yanke masa faratan ƙafa don kada ya iya bin barewa. Ana jingina likkafar ga Sarki Wiliyam na Biyu, mai laƙabin Rufus, amma masana na ganin ba ta kai zamaninsa ba. Shi Rufus ɗin a cikin dajin nan ajalinsa ya sauka, ranar 2 ga Agusta 1100, kibiyar wani daga cikin abokan farautarsa ta same shi. Sai a 1217 aka fitar da wata takardar yarjejeniya da ta sassauta wa talakawa dokokin dazuzzukan sarki.

Akwai wani abu guda da in ba a fahimce shi ba, ba za a gane sauran labarin ba. Haƙƙin kiwo a Sabon Daji ba na mutum ba ne, ba na dangi ba ne, na fili ne. Yana manne da fili ko gida. Wanda ke zaune a kan filin, ko saya ya yi ko haya yake, shi ke da ikon sakin doki ko saniya ko jaki. Ranar da ya tashi, haƙƙin ya zauna a wurin. Haka haƙƙin itacen girki, wanda shi da murhun gidan ma yake manne, kuma har yau ma'aikatan gandun daji kan sare itace su jera wa gidajen da ke da shi a bakin hanya. Da kaka kuma ana sakin aladu na aƙalla kwana 60 su cinye 'ya'yan wani itace da ake kira oak da suka zubo, domin ɗanyensu guba ne ga dawakai da shanu.

Da zamani ya juya, hankalin gwamnati ya tashi daga barewa ya koma kan katako, saboda jiragen yaƙin ruwa. Dokar 1698 ta ba da damar killace eka 6,000 don dasa itatuwa. A ƙauyen Buckler's Hard da ke bakin kogin Beaulieu aka ƙera jirgin Agamemnon a 1781, wanda Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya taɓa jagoranta. Kowace eka da aka kewaye, an rage wa makiyaya ita ke nan. A 1851 aka yi dokar kawar da barewa baki ɗaya, aka kuma ƙara wa gwamnati eka 10,000 na killacewa. Daga nan rigima ta yi tsami, har majalisa ta yi dokar 1877, wadda ta ƙayyade abin da za a iya killacewa, ta kuma sake fasalin kotun daji ta zama mai kare makiyaya maimakon barewar sarki. Alƙalanta goma ne yanzu, biyar makiyaya ke zaɓarsu, biyar naɗa su ake yi, kuma duk mai ƙorafi yana iya miƙewa a zamansu ya faɗi.

Dokar 1851 ɗin nan ita ta buɗe wa manyan gidaje ƙofa, ba tare da an yi niyya ba. Tun da an kawar da barewa, gidajen shugabannin masu gadin barewa sun zama ba su da amfani, ga su kuma a wurare mafi kyau a tsakiyar daji. Ga jirgin ƙasa ya ratso yankin tun 1847, mutum na iya barin Landan da safe ya ci abincin rana a Brockenhurst. Sai gwamnati ta shiga ba attajirai hayar waɗannan wurare ta dogon zango, su kuma suka rushe suka tayar da ƙasaitattun gine-gine. Gidan Rhinefield, wanda iyalin Walker-Munro suka soma ginawa a 1887 da kuɗin haƙar kwal, har da wani ɗaki aka yi masa da aka kwaikwayo adon fadar Alhamra ta Andalus, ga tayil ga kubba, don mai gida ya riƙa shan taba a ciki.

Wanda labarinsa ya fi ban sha'awa shi ne gidan Malwood, kusa da ƙauyen Minstead, wanda ɗan siyasa Sir William Harcourt ya gina a shekarun 1880. Wannan suna ba baƙo ba ne a Najeriya. Ɗansa Lewis Harcourt shi ne ministan ƙasashen mulkin mallaka daga 1910 zuwa 1915, a zamaninsa aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, kuma sunansa Lugga ya raɗa wa Fatakwal a 1913. Uban kuwa, lokacin da yake ministan kuɗi a 1894, shi ya kawo sabon harajin gado, wanda ƙololuwarsa kashi 8 cikin 100 ne a kan dukiyar da ta haura fam miliyan ɗaya. Masu manyan gidaje suka yi ta kururuwa. Shekara goma bayan haka, a 1904, shi da kansa ya gaji gandun danginsu na Nuneham, ya tarar harajin da ya ƙirƙiro yana jiran sa a bakin ƙofa, bai kuma cika shekara a kai ba ya rasu. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, in ji masu iya magana, ko da yake a ganina mugunta ba ta cikin niyyar mutumin, kuɗin gina jiragen yaƙi yake nema wa baitulmali.

Kashi 8 wasa ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Bayan yaƙin duniya na farko harajin ya kai kashi 40, a 1949 ya kai kashi 80. Barori suka yi wuyar samu, domin masana'antu sun fi biya. A yaƙin duniya na biyu sojoji suka karɓe gidaje da dama: Exbury, na iyalin Rothschild, ya koma hannun sojan ruwa a 1942, wasu gidajen gandun Beaulieu kuma suka zama makarantar horar da 'yan leƙen asirin da ake jefawa Turai. Ana kiyasta cewa a 1955 duk kwana biyar sai an rushe babban gida ɗaya a faɗin ƙasar. Waɗanda suka tsira, sai da suka sauya sana'a. Rhinefield ya bar hannun iyalin, ya taɓa zama makaranta, yau otal ne. A Beaulieu, Lord Montagu ya buɗe gidansu ga masu yawon buɗe ido a 1952, ya jera tsofaffin motoci biyar a zauren shiga, abin da ya girma ya zama gidan tarihin motoci na ƙasa a 1972.

Ƙaramin sashen nan na gefe, wato boskwata, shi ma tarihinsa ke nan a taƙaice. Da can barga ce, ko ɗakin ajiye keken doki, mai kula da dawakai na kwana a sama, ko kuma gidan mai lambu. Da barori suka tafi sai aka mayar da shi wurin ajiye tarkace, daga baya aka gyara wa tsohuwa, uwar mai gida ko surukarsa, ta zauna kusa amma da tukunyarta. Yanzu kuwa da yawa hayarsu ake bayarwa ga baƙi masu zuwa hutu, mako guda ko kwana biyu, kuma kuɗin da ke shigowa shi ke gyara rufin babban gida. Ba laifi ba ne, tsohon gini cin kuɗi gare shi. Amma ɗakin da a da yaron ƙauye zai kama haya ya fara rayuwa da dawakansa biyu, yanzu abin da baƙo zai biya a mako ya fi ƙarfin abin da shi zai iya biya a wata.

Masu kiwon da suka rage wajen 700 ne, dawakansu kuma, gajeru irin ƙuru, sun kai wajen 5,000. Kusan ba wanda ya dogara da kiwon kaɗai, yawancinsu suna da wani aikin, domin abin da ake samu a gwanjon dawakai na Beaulieu Road bai taka kara ya karya ba. Duk da haka tsarin na tafiya da oda. Kotun daji na da ma'aikata biyar masu sintiri, kowa da shiyyarsa. Daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka ake kora: mahaya su bazu cikin daji su tattaro dawakai zuwa wani shingen katako, a duba lafiyarsu, a yi wa 'yan duƙushi lalas da tambarin mai su, a ɗaura wa wasu abin wuya mai ƙyalli saboda motoci da dare. Sannan ma'aikaci ya ɗauki almakashi ya yanke gashin wutsiya da wani salo da ke nuna shiyyarsa, alamar an biya kuɗin shekara, wani abu mai kama da jangali. Wanda ya san kan abin, daga nesa yana ganin wutsiya ya san daga inda doki ya fito.

Matsalar ita ce kiwon daji ba ya yiwuwa sai da fili a gida, inda za a dawo da dabba in ta rame da hunturu ko ta yi rauni. Tun da haƙƙi na bin fili, attajirin da ya sayi gida daga Landan ya saye har da haƙƙin kiwo, wanda sau da yawa bai ma san yana da shi ba, filin bayan gida kuma ya zuba dawakan hawa na nishaɗi. Binciken bankunan ba da rancen gidaje ya sha nuna cewa a duk gandayen shaƙatawa na ƙasa a Birtaniya, nan ne gida ya fi tsada. An ayyana yankin ya zama irin wannan gandu a 2005, mai faɗin murabba'in kilomita 566, kuma tun 2006 hukumarsa ce ke ba da izinin gini. Ta ƙayyade cewa faɗaɗa gida kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na girmansa, tana sa ido kada barga ta rikiɗe ta zama gida mai zaman kansa ba izini, kuma akwai wani tsari da ke ba makiyayi na haƙiƙa damar gina ƙaramin gida a inda ba za a bar wani ba. Gidajen da aka gina ta wannan hanya kaɗan ne. Daga Afrilun 2025 kuma doka ta ba ƙananan hukumomin Ingila ikon ninka harajin gida a kan wanda ya ajiye gida na biyu.

Tun dokar 1964 aka kewaye iyakar dajin, aka haƙa ramuka a mashigan hanyoyi aka shimfiɗa musu ƙarafa, mota ta wuce kofato ya kasa. A cikin wannan da'ira kuwa dabba ce da hanya. Jaki na iya tsayawa a ƙofar kanti a Brockenhurst, direba ya jira. Tun 2023 baƙon da aka kama yana ba doki abinci ko yana shafa shi tara zai biya. Kuma saɓanin yadda muka saba, inda in shanu suka yi ɓarna makiyayi ake kamawa, a can mai gida ne doka ta ɗora wa yin shinge. Wanda ya zuba miliyoyin fam ya sayi gidan bakin daji, in baƙon da ya kama boskwata ya manta ƙofa a buɗe, saniya ta shigo ta cinye furanni ta tattake lambu, ba shi da wanda zai kai ƙara.