Waiwaye: Yadda Aka Karya Ƙungiyar Ma'aikatan Ƙarfe a Homestead a 1892

Masana'antar ƙarfe ta Homestead tana bakin kogin Monongahela, kusa da birnin Pittsburgh a jihar Pensilvaniya ta Amurka. Attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya saye ta a 1883. Ma'aikatanta sun kai kimanin 3,800, amma ƙungiyar ƙwadago ta Amalgamated ba ta da mambobi a cikinsu sai kusan 800, yawancinsu ƙwararru. Leburori, waɗanda da dama baƙi ne daga gabashin Turai, ba sa ciki. Wannan gibi ya yi wa ƙungiyar illa.

Bayan yajin aikin 1889, an ƙulla yarjejeniyar shekara uku wadda ta ɗaure albashi da farashin ƙarfe: in farashi ya hau albashi ya hau, in ya sauka albashi ya bi shi, amma ba za a yi lissafi da ƙasa da dala 25 kan tan ɗaya ba. Da wa'adinta ya kusa cika a ƙarshen Yunin 1892, Henry Clay Frick, wanda Carnegie ya bar wa ragamar kamfanin ya tafi Sikotilan, ya nemi a rage wannan ma'auni zuwa dala 22. Ya kuma nemi sabuwar yarjejeniyar ta riƙa ƙarewa a tsakiyar hunturu, lokacin da mai iyali ba zai iya jure zaman gida babu albashi ba. A ganinmu, nan ne niyyarsa ta fito fili: ƙungiyar yake so ya kawar, domin sababbin injina sun rage buƙatar ƙwararru, ƙa'idojin ƙungiyar kuwa suna hana masu kamfani tsara aiki yadda suka ga dama.

Frick ya kewaye masana'antar da katangar katako mai tsawon kusan mil uku, da waya mai ƙaya a samanta, ya rufe wa ma'aikata ƙofa. Ƙungiyar ta shiga yajin aiki, leburori suka mara mata baya duk da ba mambobi ba ne. Ranar 6 ga Yuli, 'yan tsaron haya na kamfanin Pinkerton kusan 300 da Frick ya ɗauko suka iso ta kogi cikin manyan jiragen dakon kaya biyu. Aka wuni ana harbe-harbe tsakaninsu da ma'aikata, aka rasa rayuka a ɓangarorin biyu, 'yan Pinkerton suka miƙa wuya.

Nasarar ba ta yi mako guda ba. Ranar 12 ga Yuli Gwamna Robert Pattison ya aiko da dakarun jiha kusan 8,000, kamfanin ya shigo da sababbin ma'aikata a ƙarƙashin kariyarsu. Harin da wani mai aƙidar adawa da kowace irin hukuma, Alexander Berkman, ya kai wa Frick ranar 23 ga Yuli ya ƙara zubar da tausayin da jama'a ke yi wa ma'aikatan, alhali Berkman ba ɗan ƙungiyar ba ne. A watan Nuwamba aka janye yajin aikin, shugabanninsa suka rasa aikinsu.

Carnegie ya sayar wa attajirin banki J.P. Morgan kamfanin a 1901 kan dala miliyan 480, aka kafa sabon kamfani mai suna U.S. Steel. Aikin awa 12 a rana ya ci gaba har 1923, kamfanin bai amince da ƙungiyar ƙwadago ba kuma sai a 1937, shekara biyu bayan dokar Wagner, wadda ta tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya.