Mece ce inuwar matsi a aikin fasa dutse da ruwa?

Injiniyoyin da ke haƙo mai da iskar gas a jihohin Teksas da Dakota ta Arewa na Amurka ba sa rabuwa da maganar inuwar matsi. Abin da suke nufi shi ne yankin dutsen da ke kewaye da tsagar da aka buɗe da ƙarfin ruwa, inda matsi ya ƙaru har ya shafi duk wata tsagar da ke neman buɗewa a kusa.

Dutsen shel, wani dutse mai asalin laka, yana riƙe da mai da gas amma ba ya sakin su, domin kafofin jikinsa sun yi ƙanƙanta ƙwarai. Shi ya sa ake haƙa rijiya ta nutsa ƙasa, sannan a karkatar da ita ta kwanta cikin dutsen, kilomita biyu ko uku. Sai a huda bututun rijiyar a wurare da yawa, a tura ruwa haɗe da yashi da ƙarfin famfo har dutsen ya tsage. Yashin ne ke tokare tsagar kada ta rufe idan an kashe famfo. An fara gwada dabarar fasa dutsen a 1947 a filin gas na Hugoton da ke Kansas, amma sai a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin George Mitchell ya sa ta yi riba a dutsen shel na Barnett da ke Teksas.

A can ƙasa dutse a matse yake ta ko'ina, sai dai matsin bai zo ɗaya ba. Tsaga kan tura bangonta ne ta ɓangaren da matsi ya fi rauni, don haka ake shimfiɗa rijiyar ta wannan ɓangaren, tsagogin su jeru a gicciye, ɗaya bayan ɗaya. Faɗin kowace tsaga milimita kaɗan ne. Amma dutse ba ya lotsawa da sauƙi, wannan ɗan buɗewar ma ya isa ya danne maƙwabci, kuma ta daidai inda tsaga ta gaba ke buƙatar buɗewa. Kamar fasinja huɗu ne a kujerar bayan tasi: kowa ya baje, na tsakiya ne ke shan wuya.

Haka ake gani a rijiya. Idan aka buɗe tsaga huɗu ko biyar lokaci guda, na gefe kan kwashe yawancin ruwan su yi nisa, na tsakiya su tsuke, wani lokaci yashi ma ya kasa shiga. Wasu kan lanƙwashe suna kauce wa juna. Inda bambancin matsi tsakanin tsawon rijiyar da gicciyenta bai da yawa, tsaga na iya juyawa gaba ɗaya ta bi tsawon rijiyar, wanda ba shi aka biya kuɗi a samu ba. Nisan da inuwar ke kaiwa ya fi danganta da tsayin tsagar daga sama zuwa ƙasa. Idan aka wuce misalin wannan tsayin, tasirin ya ragu sosai.

Lissafin ya girmi sana'ar. Tun 1946 masanin lissafi Ian Sneddon ya fitar da yadda matsi ke rarrabuwa kewaye da tsaga, kuma a 1989 masu bincike Warpinski da Branagan suka ba da rahoton gwajin da aka yi a Kolorado kan yadda tsagar wata rijiya ke sauya matsi a maƙwabciyarta. Abin da ya tayar da hankalin kamfanoni shi ne binciken da injiniyoyin kamfanin Schlumberger suka fitar a 2011 kan rijiyoyi sama da 100: kusan kashi ɗaya cikin uku na wuraren da aka huda ba sa ba da komai. Ba duka ne laifin inuwar ba, dutsen ma yana bambanta daga wuri zuwa wuri, amma tana da kaso a ciki.

Dabarun da ake bi suna da yawa. Ana rage yawan hudar bututu a kowane wuri domin ruwa ya matsu ya rabu daidai tsakanin tsagogi. Ana fasa rijiyoyi biyu da ke kusa da juna bi da bi, wannan sashe a nan, na gaba a can. Akwai kuma wadda ta fi burge ni, ta fasa wuri na ɗaya, a tsallake zuwa na uku, sannan a dawo na tsakiya: a nan inuwar ce ake so, domin tana rage bambancin matsi, tsagar tsakiyar ta yi rassa ta taɓa dutse mai yawa. Sai dai aiwatar da ita yana da wahala, ba ta yaɗu ba.

Duk da wannan sani, kamfanoni sun ci gaba da matso da hudar kusa da juna, daga tazarar mita ashirin ko talatin zuwa ƙasa da goma a rijiyoyi da dama. Sun lissafa cewa tsagogi masu yawa, ko da wasu sun tsuke, sun fi saurin zuƙo mai daga dutsen da ba ya barin komai ya ratsa shi.