Amane na ƙarewa a tekun Gana, kuma abin ya shafi tukunyar Zango

Duk mai cefane a Nima, ko Ashaiman, ko Zangon Kumasi ya san inda kuɗin amane ya kai. Ƙaramin kifin nan da a da ake cika maka kwano har da gyara, yau sai an ƙirga maka shi. Mu ma'aikatan lafiya a ranar awon yara muke ganin ƙarshen abin. Idan kifi ya yi tsada, shi uwa ke fara ragewa a miya, ta ƙara dunƙulen magi ta toshe gurbinsa. Miya ta yi daɗi a baki, amma jinin yaro bai ƙaru da komai ba.

Iyaye mata, kada ku raina ɗan kifin nan. Amane da sauran ƙananan kifaye ana cin su ne gaba ɗaya, da kai da ƙashi da ciki, kuma a nan ne sinadaran da ke ƙara jini da gina ƙashi da haƙori suka taru. Cokali ɗaya na garin busasshen kifi a cikin kunun yaye, ko a miyar ayoyo, yana yi wa yaro aikin da dunƙule goma ba zai yi ba. A Gana, wajen kashi 60 cikin 100 na abincin gina jiki da ake samu daga dabba, kifi ne ke ba da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 kuma ya nuna kusan rabin yaran da ba su kai shekara 5 ba suna da ƙarancin jini. Da wannan hali muke ciki kifin talaka ya fara ɓacewa.

Ɓacewar ba jita-jita ba ce. A 1996 masunta sun fito da amane wajen tan 136,000 daga teku. A 2016 abin da suka fito da shi bai wuce tan 29,000 da 'yan kai ba. Kwalekwale sun yi yawa, sun haura 12,000. Ana su da raga mai ƙananan ido wadda ba ta barin ko ɗan tsako, ana kunna fitila mai ƙarfi cikin dare a tara kifi a kwashe. Amma abin da ya fi cin rai shi ne wanda mutanen bakin teku ke kira saiko.

Manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku, lasisinsu na kifin ƙasa ne. Ba su da izinin farautar amane da irinsa, domin wannan abincin masu kwalekwale ne. Sai suka riƙa kwasarsa da gangan, galibi ƙananan da ba su kai ga yin ƙwai ba, su daskarar da shi falle-falle cikin ƙanƙara. Can tsakiyar ruwa, inda ba mai gani, sai wasu manyan kwalekwale da aka ƙera musamman su zo a juye musu, su kawo Elmina ko Apam ko Axim su sayar. Masunci ya kwana a ruwa ya dawo da raga wayam, matarsa mai banda kuma ta je ta sayi kifin da aka kwashe a gaban mijinta, domin ita ma dole ta hura wuta. Doka ta hana wannan juye tun da daɗewa, sai dai an yi shekaru ana yi da rana tsaka.

Ƙungiyoyi biyu ne suka tsaya suka ƙirga ɓarnar, Environmental Justice Foundation da Hen Mpoano mai mazauni a Takoradi. Sun zauna a bakin ruwa suna lissafin kwalekwalen da ke shigowa, sun narkar da fallen ƙanƙara suna auna tsawon kifin da ke ciki, sun ɗauki hotunan juyen a teku. Rahoton da suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an shigo da kifin saiko wajen tan 100,000, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 50. Sun kuma nuna cewa akasarin jiragen, duk da tutar Gana da ke kansu, kamfanonin Sin ne ke bayansu. Aikin nan da haɗari. A watan Yulin 2019 wani jami'in sa ido na gwamnati ya ɓace daga cikin ɗaya daga irin waɗannan jirage yana bakin aiki. A Yunin 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, hukuma ta matsa, juyen fili ya ja baya sosai. Ni a ganina, da ba a samu masu ƙirgawa su ajiye lamba a gaban kowa ba, da har yau ana cewa hassadar masu kwalekwale ce.

Akwai kuma hutun teku, wanda ya fi jawo surutu a kasuwanninmu. An fara rufe kamun kifi na wata guda ga masu kwalekwale a 2019, daga 2021 zuwa 2024 aka riƙa yi a watan Yuli, manyan jirage kuma wata biyu. Dalilin zaɓen lokacin shi ne tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku da abincin kifi, a lokacin ne amane ke ɗauke da ƙwai. Kama shi a wannan hali daidai yake da dafa irin da manomi ya ɓoye don damina. Masunta ba baƙi ba ne ga hutu, tun kaka da kakanni ba sa shiga ruwa ranar Talata a yawancin garuruwan gaɓa. Na san wata guda babu kamu ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, kuma na ga yadda kuɗin shito, yajin da ake soyawa da busasshen kifi, ke tashi a kasuwa. Amma wanda ya tsaya yana zagin masu kare teku don kifi ya yi tsada a Yuli, ya tuna tsadar da ta fi wannan tana nan tafe idan iri ya ƙare.

Yanzu ga inda aikina ya fi shafa. Idan kifi ya yi ƙaranci, wasu sukan koma ga nakiya, ko sinadarin kabayid, ko maganin ƙwari irin DDT, su zuba a ruwa. Duk haramun ne a dokar kamun kifi ta Gana, kuma abin da aka kashe da guba cikin mutum zai ƙare. Mata masu banda sun fi kowa gane shi: namansa ya yi laushi tun da sassafe, ciki ya fashe, kuma idan an ɗora shi kan wuta sai ya riƙa marmashewa. Ƙungiyoyinsu, irin CEWEFIA a Elmina, suna koya wa mambobinsu su ƙi sayen irin wannan kifi, su kuma koma ga murhun Ahotor wanda ke rage hayaƙi. Hayaƙin banda yana cin ido da ƙirjin mai aikin, kuma kifin da ya sha hayaƙi har ya yi baƙi ƙirin yana ɗauke da sinadaran da ke iya jawo ciwon daji idan an daɗe ana ci. Hajiya, idan kin je kasuwa ki zaɓi wanda ya yi ja-ja, ya bushe, ba ya warin mai ko magani. Ɗanye kuwa ki buɗe kumatunsa ki ga ja ne, idonsa garau, ki danna da yatsa ki ga naman ya dawo.

A farkon Afrilun 2021 kifaye masu yawa suka fito matattu a bakin ruwan Osu a Ankara, a Axim kuma dabbar ruwan nan dolfin sama da 60 suka faɗo gaɓa. Kafin jami'ai su iso, mutane sun kwashi wasu, an yanka, an fara banda. Hukumar kula da abinci da magunguna ta fito tana roƙon kada kowa ya ci, aka bi gida-gida da kasuwa ana neman abin da aka kwasa. A irin wannan lokaci nakan ji wasu 'yan uwa na cewa ai mushen teku halal ne. Gaskiya ne hadisi ya zo cewa teku ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne, kuma bayanin hukunci na malamai ne. Amma malaman nan su ne suka karantar da mu cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Dabbar da ta mutu ba a san abin da ya kashe ta ba, ta kwanta a rana, kada a ci, kada a sayar, kada a ba yara. A sanar da jami'an kula da kamun kifi ko na tsafta.

Haka maganar kunkurun teku. Suna fitowa yashin gaɓar Gana su yi ƙwai, musamman daga ƙarshen shekara zuwa farkon mai bi mata, kuma doka ta kare su tun 1971. Mutanen Ada ma al'adarsu ta hana taɓa su. Jami'an gandun daji da masu aikin sa kai suna kwana sintiri a kan yashi don kada a kwashe ƙwai ko a kife uwar a yanka. Wanda bai damu da dabbar ba, ya damu da kansa: naman kunkurun teku yakan ɗauki wata guba da dafuwa ba ta kashewa, kuma ba a gane ta da ido. A tsibirin Pemba na Zanzibar, a watan Maris 2024, yara 8 da babba ɗaya suka rasu bayan cin sa, aka kwantar da mutum 78 a asibiti.

Hannunmu kuma yana cikin ɓarnar, ko da ba mu taɓa riƙe raga ba. Babbar kwatar Nima tana zubawa a kogin Odaw, Odaw ta zuba a tafkin Korle, Korle ta zuba a teku. Ledar ruwan da aka jefa a ƙofar gida bayan azahar, da kunzugun yaro da aka tura a kwata saboda an ga hadari, tafiyarsu ke nan. Kafin su isa teku sun toshe hanyar ruwa, sun tara sauro da ƙazantar da ke kawo kwalara. Mutanen Ankara ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle aka rasa sama da mutum 150. Abin da ya kai teku kuwa, masunta a Jamestown da Chorkor suna jawo shi cikin raga su zauna suna tsince kifi daga cikin leda, kunkuru kuma yana haɗiye leda da zaton abincinsa ne. Matasan ƙungiyar Plastic Punch suna fita kwasar shara a gaɓa, amma abin da suka kwashe ranar Asabar, ruwan sama ɗaya yana mayar musu da ninkinsa. Tsare ta tun daga unguwa ya fi sauƙi. Limamai da sarakunan Zango, idan kuka sa baki a huɗuba da wurin suna cewa a daina juye shara a kwata idan hadari ya haɗo, za a ji ku fiye da yadda ake jin mu. 'Yan uwa na Kaduna da Sakkwato da Yamai da Yola, ku ma kogunanku a Kwara da Binuwai suke haɗuwa su gangara wannan teku.

Abu ɗaya da nake so kowace uwa ta riƙe game da kifin da ya kwana a zafi: amane da tuna da titus, idan suka jima babu ƙanƙara, sukan tara wani sinadari da suya ko banda ba sa kashewa. Alamarsa tana zuwa da wuri, cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan ci: fuska ta yi ja, kai ya sara, baki ya riƙa raɗaɗi, jiki ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci da amai da gudawa. A daina cin kifin nan take, a ajiye ragowar, a ba mara lafiya ruwa. Idan numfashi ya fara wuya, ko leɓe ya kumbura, ko yaro ne ƙarami ko mai ciki, kada a tsaya jiƙa magani a gida, a wuce asibiti, a kuma gaya wa ma'aikaci inda aka sayi kifin domin a bi sawun sauran da ke kan tebur.